Tashar Baro: me ya kafa ta, me ya kashe ta?

Tambaya: Malam, marigayi kakana ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Baro kafin a sami 'yancin kai, kuma muna yara yakan ba mu labarin buhunan gyaɗa da manyan jiragen ruwa. Bana na je na ga wurin da idona. Dogo ya nutse cikin ciyawa, gine-gine sun zama kango. Me ya kai Turawa kafa babbar tasha a wannan ƙauye, kuma me ya kashe ta? Mutanen da na tarar sun ce sakacin gwamnati ne kawai.

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, ya sa gumin da ya zubar a bakin kwatar nan ya kasance cikin mizaninsa. Mutanen da ka tarar ba su yi maka ƙarya ba, sakaci ya yi nasa aikin. Amma sakaci ya iske majinyaci ne a kwance, ya ƙarasa shi. Ciwon Baro ya girmi kowace gwamnatin Nijeriya, domin tashar ta soma rasa dalilin kafa ta tun ba a yi shekara guda da isar dogonta Kano ba.

Ka fara cire wa ranka cewa don ƙauyen aka gina ta. Don kogi aka gina ta. Baro ƙaramin ƙauyen Nufawa ne a gaɓar Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja a yau, kimanin mil 400 daga teku. Duk wanda ya san wannan yanki na kogin ya san gaɓarsa fadama ce, ruwa ya zo ya malale ta, ya janye ya bar laka. Samun wurin da ƙasa take da tauri har bakin ruwa, inda jirgi zai matso ya jingina a sauke masa ƙarfe mai nauyi, abu ne mai wuya. Baro tana da irin wannan gaɓa, ga tsauni a bayanta inda Turawa za su hau su gina gidajensu su sha iska, ga kuma kwari da ya buɗe ta arewa inda dogo zai bi ya nufi ƙasar Gwari ba tare da hawan dutse ba. Abin da injiniyoyi suka gani ke nan. Da irin wannan gaɓar tana wani ƙauye, da sunan wancan ƙauyen kake tambayata a kai yanzu.

To me ya sa sai daga kogi? Domin a lokacin Nijeriya ba ɗaya ba ce. Daga 1900 Arewa gwamnati ce mai zaman kanta a hannun Lugga (Frederick Lugard), Baturen da ke mulkinta, Kudu ma da tata. Arewa ba ta da bakin teku, ba ta da kuɗin kwastan, ta dogara ƙwarai da tallafin da ake aiko mata daga baitulmalin Ingila kowace shekara. Hanyarta ɗaya tilo zuwa duniya ita ce Kwara da Binuwai, shi ya sa garuruwan mulkin farko duk suke bakin ruwa: Lakwaja, Jebba, sannan Zungeru a kan Kogin Kaduna daga 1902. Lugga ma ya fara gwada ɗan siririn dogo na mil 22 daga Zungeru ta Wushishi zuwa Barijuko, don kawai ya haɗa hedkwatarsa da inda jirgin ruwa ke iya tsayawa. Shi yana son dogon Arewa ya taso daga kogi ya je Kano, ba ruwansa da Ikko, wato Legas. Su kuwa mahukuntan Kudu, a ƙarƙashin Gwamna Walter Egerton, nasu dogon da aka fara daga Ikko a 1896 ya riga ya isa Ibadan a 1901, kuma suna son a bar su su ja shi ya haye Kwara ya kwaso kasuwancin Kano. An yi shekaru ana wannan ja-in-ja a takarda.

Abin da ya raba gardamar auduga ce. Masaƙun Lankasha a Ingila sun dogara da audugar Amurka, farashinta kuma ya yi ta hawa da sauka yana rufe musu masana'antu. A 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Mancesta, suka kuma ƙwallafa rai cewa ƙasar Hausa, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana noma auduga tana saƙa, ita ce za ta cece su. Winston Churchill a lokacin shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, kuma mazaɓarsa a Mancesta take. A 1907 aka amince da dogon Baro zuwa Kano. Sai dai a wannan zama ɗin aka kuma yarda dogon Ikko ya ci gaba ya haye kogi a Jebba ya zo ya haɗu da shi. Wato maimakon a zaɓi ɗaya, sai aka ba kowa abin da yake so. Ka riƙe wannan, don a nan aka shuka ajalin Baro.

Wanda aka turo ya yi aikin shi ne Sir Percy Girouard, haifaffen Kanada, injiniyan soja, wanda ya gaji Lugga a 1907. Sunansa ya fito ne a Sudan, inda ya shimfiɗa dogo a cikin hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897 don kai sojojin Kitchener, kwamandan Turawan Ingila. Ya saba da aikin sauri da tsimi. Shi da John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka ta Arewa wanda ya tsaya a kan aikin kullum, ba su ba wani kamfani kwangila ba, ma'aikatar gwamnati ce ta yi da kanta, a kan ƙiyasin kusan fam 3,000 kowane mil, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da abin da dogon Ikko ya ci. Faɗin dogon ƙafa uku da rabi, daidai da na Ikko. Dabararsu ita ce a shimfiɗa ƙarfe maras nauyi, a kauce wa manyan gadoji da yanke duwatsu, jirgi ya fara wucewa tukuna, gyara ya biyo baya idan ciniki ya kankama.

Kowane ƙarfe, kowane ƙusa, kowane inji da tarago, ta ruwa suka zo daga Ingila, aka hauro da su kogi lokacin cikarsa aka jibge a Baro. Shekarun 1908 zuwa 1911 su ne ganiyar wannan ƙauye. Aka kafa sito-sito da wurin harhaɗa injuna, ga maƙera da kafintoci da akawuna daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas (Ghana ta yau), ga masu sayar da abinci da suka biyo ma'aikata. Wuri ne kuma mai wahalar zama, ga zafi, ga sauro, ga ƙudan tsando da ke cike da kurmin bakin kogi.

Amma ƙasa ba Bature ne ya haƙa ta ba. A nan nake so ka tsaya, domin galibin masu ba da labarin dogon nan sukan ambaci injiniyoyi su wuce. Dubban mutane ne suka sare daji, suka haƙa da diga, suka kwashi ƙasa a kai cikin kwanduna suka yi tudun da dogo ya hau. Yadda aka samo su shi ne Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, ya gaya wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya nuna gida-gida. Turawa sun ba abin suna mai laushi a takardunsu, amma talaka ya san sunansa: aikin tilas. Ƙasashen Bidda da Agaie da Lapai ne suka fara ɗauka, sai Gwari, sai Zazzau, sai Kano, kowace ƙasa ta ba da mutane idan dogo ya shigo iyakarta, a yi makonni a sallame su a kawo wasu. Wanda aka ɗauka da damina gonarsa ta sha ciyawa. Ga hatsin da ake karɓa daga ƙauyuka don ciyar da sansani. Kalmar diga ta zauna a bakin Hausawa tun daga nan, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda dogon ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, ya yi waƙa a kan wannan aiki. Ba kowa ne ya sunkuyar da kai ba. A 1909 Gwarawan Gussoro suka yi wa ayarin wani jami'in Bature kwanto suka kashe shi tare da 'yan sandan da ke rakiyarsa, kuma matsin neman leburori da abinci na cikin abin da ya harzuƙa yankin. Aka turo soja aka murƙushe su.

Gaskiya ne ana biyan lada, kuma a hannun kowane lebura ake sa masa kuɗinsa na ƙarfe. Wannan ma da manufa. Ƙasar tana ciniki da kuɗin wuri ne, gwamnati kuwa tana son sule da sisi su yaɗu don ta riƙa karɓar haraji da su. Kuɗin da aka biya a bakin diga yakan zagayo ya koma baitulmali.

Dogo ya taso daga Baro ya bi ta Katcha da Badeggi da Kataeregi ya kai Minna, mil 111. Daga nan ya bi ta Sarkin Pawa ya haye Kogin Kaduna a wurin da ba komai sai daji, inda daga baya aka kafa garin Kaduna aka mai da hedkwata can a 1917. Ya wuce Rigachikun da Zariya, ya sauka filin Kano inda ƙasa ta miƙe har aka taɓa shimfiɗa fiye da mil shida a yini ɗaya. A watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, ƙarfe ya isa Kano, mil 356 daga Baro. A 1912 aka buɗe wa jama'a sosai.

A daidai wannan lokaci dogon Ikko, wanda ya isa Jebba a 1909, ya zo ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna. Minna da ba ta wuce ƙauyen Gwari a kan dutse ba, ta zama mahaɗa. A watan Oktoba na 1912 aka haɗe hukumomin dogon biyu suka zama ɗaya, shekara guda da 'yan watanni kafin haɗe ƙasar kanta a 1914, kuma rikicin waɗannan layuka biyu masu neman kaya ɗaya yana cikin hujjojin da aka kafa wajen haɗewar. Tun da suka zama na mai gida ɗaya, lissafi ya canza. Hukumar da ke da dogo daga Kano har Ikko, kusan mil 700, me zai sa ta so kaya ya sauka a mil 356 ya shiga jirgin ruwan wani kamfani? Kuɗin dako iya nisan da kaya ya yi a kan dogonka ne. Abu ɗaya ya rage wa Baro, shi ne babu gada a Jebba, sai an ɗora tarago a kan jirgin fito an haye da su kaɗan-kaɗan. A 1916 aka gama gadar. Daga ranar, babban layi ya zama Ikko zuwa Kano, Minna zuwa Baro kuwa ya koma reshe. Tashar da aka fara ƙirga mil daga cikinta ta koma ƙarshen wata hanya ta gefe, tana da shekara takwas kacal.

Don ka gane dalilin da 'yan kasuwa ma suka bi Ikko, bi buhu ɗaya daga Kano. Idan ta Baro ne, a loda shi a tarago, a sauke a Baro, a ajiye a sito har jirgi ya zo, a ɗauke shi a ka a sa a jirgin kogi, a yi kwanaki ana gangarawa ta Lakwaja da Onitsha, a sauke a Burutu ko Warri kusa da bakin teku, a sake ajiyewa, sannan a ɗora a jirgin teku. Kowace saukewa akwai kuɗin dako, akwai buhun da zai fashe, akwai wanda ruwa zai taɓa, akwai wanda zai yi ƙafa. Idan ta Ikko ne, tarago ɗaya tun daga Kano har gefen jirgin teku, balle da aka gina kwatar Apapa a Ikko a shekarun 1920. Sannan wata ƙofa ta uku ta buɗe ta gabas, dogon Fatakwal ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan a 1927, aka gama gadar Makurdi a 1932.

Sai kuma shi kansa kogin, wanda ba ya aiki shekara cur. Kwara a wannan yanki cika biyu yake yi. Ta farko ruwan daminarmu ce, ja mai laka, tana kai ƙololuwa wajen Satumba da Oktoba. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya cikin fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana da sanyi garai-garai. Wannan cika ta biyu ce ke riƙe hanyar har wajen Maris ga jiragen da ba sa nutsewa da zurfi. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa yashi ke fitowa tsibiri-tsibiri, hanyar ruwa ta sauya wuri daga bara, jirgi ya kafe. Amfanin gona ana girbe shi da kaka, ana awo a sikeli cikin hunturu, kafin ya taru ya iso Baro lokacin manyan jirage ya wuce. Abin da bai samu shiga ba sai ya zauna a sito ya jira wata damina, kuɗin mai shi na kwance. Dogo kuwa ba ruwansa da wata.

Audugar da aka gina komai dominta ma ba ta zo yadda aka zata ba. Masaƙan Kano da marinanta sun fi BCGA biyan farashi, manomi kuwa ba ya sayar wa wanda ya taya ƙasa. Abin da ya cika tarago gyaɗa ce, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi. A Turai an gano yadda ake daskarar da man tsiro a yi man shafa wa burodi, sai farashinta ya tashi. Manyan fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka ƙware a fataucin goro zuwa Gwanja kuma suna da wakilai a kowace kasuwar ƙauye, suka karɓi kuɗin kamfanoni suka watsa cikin karkara. A 1911 gyaɗar da ƙasar nan ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Daga wannan zuriya ta fatake Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya yi zaman Gwalkwas kafin ya dawo ya zama babban mai sayen gyaɗa. Manomi ya fi son gyaɗa saboda dalili mai sauƙi: idan kasuwa ta faɗi ko yunwa ta shigo zai iya cin ta, harawarta kuma dabbobi su ci.

Gyaɗar nan ce ta ba Baro rai na biyu, kuma shi ne zamanin kakanka. Ta yi yawan da dogon Ikko, layi ɗaya tal, ya kasa kwashe ta, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da injuna da tarago suka tsufa ba a sauya ba. Dalar gyaɗar da muke tinƙaho da hotunanta a Kano, a gaskiya kaya ne da ke jiran jirgi. A irin wannan cunkoso kowace ƙofa tana da daraja. Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin kamfanin ciniki na UAC a 1929, da kamfanin John Holt, suna da rundunar jiragen kogi da kwatocinsu a Burutu da Warri, kuma ribarsu ce kaya ya bi ta ruwa. Don haka kowace shekara wani kaso na gyaɗa da auduga da angurya da fatu yana karkatowa a Minna ya gangaro Baro, jiragen kuma su hauro da gishiri da siminti da kananzir da kwanon rufi. Tsakanin bakin tarago da cikin jirgi kuwa, kan ɗan Adam ne. Buhun da kakanka yake ɗauka ya haura kilo 70, ya bi ta kan katako ya sauke a cikin jirgi ya dawo, tun safe har rana ta yi sanyi. Galibin masu wannan aiki 'yan cirani ne daga ƙasar Hausa, suna zuwa bayan girbi su koma kafin shuka, wasu kuma su yi aure su zauna. Abin da ya ba ku labari gaskiya ne, ya ga Baro a cike. Sai dai cikar ta ambaliya ce daga wani layi da ya tumbatsa.

Ban da wannan, reshen yana da nasa ƙaramin ciniki da ya shafi mutanen wurin kai tsaye, kuma ni a ganina shi ne rashin da ya fi yi musu ciwo. Kasuwar Katcha tana tara busasshen kifi da shinkafa da doya da kaɗanya. Badeggi ita ce tashar Bidda, ga fadamar shinkafarta inda aka kafa cibiyar binciken shinkafa a 1953. Macen da ke da kwandon kifi biyu tana iya shiga jirgi ta kai Minna ko Kaduna da kuɗi kaɗan, a lokacin da hanyar mota ba ta biyuwa da damina.

Faɗuwar ta zo a jere cikin shekara goma. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe ƙasan kogin, domin hanyar jiragen ta gaban Onitsha take bi, kuma harkar jiragen kamfanoni ba ta sake komawa yadda take ba. A 1968 aka gama madatsar Kainji a sama, cikar kogi ta koma tana bin buɗewa da rufewar ƙofofin dam. Sai farin 1972 zuwa 1974, sai cutar da ta dunƙule ganyen gyaɗa a 1975, fitar da gyaɗa waje ta tsaya cak, abin da ya rage masana'antun mai na cikin gida suka shanye. Kuɗin man fetur kuma ya tafi ga kwalta da gadoji da manyan motoci, waɗanda ke ɗaukar kaya daga ƙofar sito zuwa ƙofar sito. Baro mahaɗa ce tsakanin dogo da ruwa. Da jiragen ruwa suka daina zuwa, kayan da za a kai musu ma suka ƙare, babu sauran abin haɗawa.

A nan ne sakacin da aka gaya maka ya shigo, kuma ba na rage masa nauyi. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi ta asara, aka kawo ƙwararru daga Indiya suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, suna tafiya abin ya sake zamewa, aka yi ta rage ma'aikata. Idan kuɗin gyara ya yi kaɗan, reshe ake fara yankewa. Wannan reshe kuwa ya fi kowane buƙatar kulawa, domin fadama yake bi, kuma tun asali aikin tsimi ne. Kowace damina ruwa yana cin tudun dogo, yana girgiza ƙananan gadoji. Muddin akwai 'yan gyaran layi da ke tafe a ƙasa suna duba kowane mil, ɓarnar kwana biyu ce. Idan aka janye su, zaizaya ɗaya ta isa ta raba layi, kuma da zarar jirgi ya daina bi, ciyawa da masu kwance ƙarfe ba sa jiran izini. Haka jirgin Baro ya ragu daga na kullum zuwa na jefi-jefi, har ya ɗauke. Ko da aka farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a Disambar 2012, ya ratsa Minna ya wuce abinsa.

Na san ka ga sabuwar tashar jiragen ruwa da ke can, kuma za ka so jin ra'ayina. A Satumbar 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya ƙaddamar da yashe kogin, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya buɗe tashar da kansa. Aka yi shekaru bayan buɗewar ba a ga jiragen kaya suna zirga-zirga ba, domin hanyar mota ta Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba ta ɗaukar manyan motoci, dogon Minna kuma yana kwance, kogi kuwa yashe shi ba aikin sau ɗaya ba ne, kowace cika tana dawo da yashi. Ina son wurin ya tashi, kuma akwai kayan da ya dace da ruwa, irin su siminti da taki da ma'adinai da hatsi, masu nauyi marasa gaggawa, waɗanda ke farfasa mana tituna. Amma dole abu uku su tsaya tare: hanyar ruwa da ake kula da zurfinta duk shekara, dogo ko kwalta mai kyau zuwa Minna, da 'yan kasuwar da lissafinsu ya nuna musu ta nan ya fi araha. Na ukun ne ya gagara a 1916, lokacin da na farko da na biyu suna nan da ƙarfinsu.

Idan kana son ka bi sawun kakanka, yi sauri da tsofaffi kafin takardu. A Baro da Katcha ka nemi zuriyar Hausawan da suka zauna, ka tambayi inda zangon 'yan dako yake, wa ke shugabantarsu, nawa ake biya a buhu, da wane wata suke isowa. Ka ɗauki muryarsu a waya da yardarsu. Takardun lardin Neja na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, rahotannin shekara-shekara na lardi sukan kawo yawan leburori da kayan da suka bi ta kwata. A Minna kuma an adana ɗan injin nan na farko da ya yi aiki a dogon Wushishi, ka tsaya ka gan shi. Sannan ka koma Baro sau biyu, ka hau tsaunin da Turawa suka zauna ka dubi kogi, sau ɗaya a watan Satumba, sau ɗaya a watan Mayu.